A ina wanda ba likita ba zai samu bayanin binciken lafiya da zai iya fahimta?

"Likita, barka da aiki. Ɗana mai shekara 6 yana fama da cutar sikila, kuma likitansa ya kawo shawarar a ɗora shi a kan wani magani mai suna hydroxyurea. Da na duba sunan a intanet sai na ga an ce maganin ciwon daji ne. Wani wurin ya ce ya ceci yara da yawa, wani kuma ya ce guba ne. Na yi ƙoƙarin karanta rahoton binciken da kansa, amma duk da ina jin Turanci daidai gwargwado, ban fahimci komai ba. A ina mutum irina zai samu bayanin binciken likitoci a sauƙaƙe, kuma yaya zan gane wanda ya kamata in amince da shi?"

Malama, Allah ya ba yaron lafiya, ya kuma saka miki da alheri bisa ɗawainiyar da kike yi da shi. Idan na fahimce ki da kyau, tambayoyi biyu kika haɗa a wuri ɗaya: inda za ki samu bayani mai sauƙi, da kuma yadda za ki rarrabe sahihi da wanda ba sahihi ba. Ta biyun ta fi ta farkon nauyi, domin sauƙin harshe ba ya nuna gaskiyar magana, hasali ma masu tallar magani sun fi kowa iya sauƙaƙa zance. Abin da nake gaya wa iyayen yaran da nake dubawa shi ne, neman bayanin lafiya a intanet yana da tsari na hawa-hawa, kuma yawancin ruɗewar da ake samu tana faruwa ne saboda an fara daga matakin da ya kamata a ƙare da shi, wato rahoton bincike guda ɗaya ko labarin da aka rubuta a kansa. Zan bi matakan da ke, ina amfani da maganin da kika ambata a matsayin misali, duk da cewa hanyar ɗaya ce ga mai hawan jini, mai ciwon suga, ko mai kowace irin cuta.

Abin da ya sa rahoton ya gagare ki

Rashin fahimtar da kika yi ba gazawar Turancinki ba ce. Masu bincike suna rubuta rahotonsu ne domin 'yan'uwansu masu bincike su bi diddiginsa, su nemi kuskure a cikinsa, su kuma iya maimaita aikin idan sun so. Saboda haka ne suke cika shi da bayanin yadda aka zaɓi mutane, da yadda aka yi lissafi, da kalmomin da ba a amfani da su a wajen fannin, suna kuma tsallake duk abin da suke ɗauka mai karatu ya riga ya sani. Likitan ido ma yakan yi gumi idan aka ba shi rahoton da ya shafi cututtukan jini. Bayan wannan kuma, rahoto ɗaya amsar tambaya ɗaya ce ƙarama a kan wasu mutane ƙididdigaggu a wani lokaci na musamman, ba hukunci ba ne a kan maganin gaba ɗaya. Ki ɗauke shi kamar shaida guda a gaban alƙali: ana saurarensa, amma ba a yanke hukunci sai an ji sauran shaidun, an kuma duba wanne ne ya ga abin da idonsa, wanne ne kuma ji kawai ya yi.

Matakin farko: shafukan da aka rubuta domin marar lafiya

Kafin ki nemi abin da bincike ya gano, ki fara samun cikakken hoton cutar da na maganin daga shafin da ba ya sayar da komai. Wanda na fi tura mutane gare shi shi ne MedlinePlus, wanda Babban Ɗakin Karatun Likitanci na Amurka ya buɗe a shekarar 1998. Kyauta ne, babu talla a cikinsa, kuma an rubuta shi ne da nufin wanda bai karanci likitanci ba ya gane. Yana da shafuka a kan ɗaruruwan cututtuka, da sashen magunguna inda ake bayyana amfanin kowane magani da illolinsa da abin da ya kamata a gaya wa likita kafin a fara shi, da kuma sashen gwaje-gwaje, wanda zai yi miki amfani ƙwarai duk lokacin da aka miƙo miki takardar sakamakon gwajin jini cike da haruffa da lambobi. Akwai kuma sashen cututtukan gado da ke bayyana yadda sikila ke bin jini daga iyaye zuwa 'ya'ya.

Na biyu shi ne shafin hukumar lafiya ta Birtaniya, NHS. Harshensa ya fi na MedlinePlus sauƙi, jimlolinsa gajeru ne, kuma yana da wata ɗabi'a da nake so ki riƙa nema a kowane shafi: a ƙarshen kowane bayani ana rubuta ranar da aka yi masa bita ta ƙarshe da ranar da za a sake yi masa. Shafin lafiyar da bai nuna ranarsa ba ya riga ya rasa rabin darajarsa a wurina, domin shawarar da ta yi daidai shekara goma da suka wuce tana iya zama tsohon yayi a yau. A nan akwai wani abu da zai iya ɓata miki lokaci idan ba ki sani ba: maganin da Amurkawa ke kira hydroxyurea, a Birtaniya hydroxycarbamide ake ce masa, kuma abu ɗaya ne. Magunguna da yawa suna da suna biyu haka, ban da sunayen kasuwa na kamfanoni, don haka ki tambayi likita ko mai ba da magani ainihin sunan sinadarin, ki yi bincikenki da shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana wallafa taƙaitattun bayanai a kan cututtuka a harsunanta guda shida, ciki har da Larabci da Faransanci, waɗanda za su taimaki wanda ya fi ƙarfi a ɗayansu. Sun fi mayar da hankali ga halin da al'umma ke ciki fiye da halin marar lafiya guda, amma suna da kyau wajen sanin ko magani karɓaɓɓe ne a duniya, kuma hydroxyurea yana cikin jerin muhimman magungunan da hukumar ta fitar. Akwai kuma MSD Manual, wanda yake da kashi biyu, na likitoci da na jama'a. Kamfanin magani ne ke ɗaukar nauyinsa, kuma ya kamata ki san da hakan, amma likitoci ne ke rubuta shi da sunayensu a bayyane, kuma ya fi sauran zurfafawa. Ga masu fama da ciwon daji, Cibiyar Ciwon Daji ta Amurka ita ma tana fitar da bayaninta kashi biyu, na ƙwararru da na marasa lafiya, ta yadda mutum zai iya karanta mai sauƙin sannan ya leƙa ɗayan idan yana son ƙari.

A wannan mataki kaɗai za ki samu amsar abin da ya fara tayar miki da hankali. Gaskiya ne ana amfani da hydroxyurea wajen wasu nau'o'in ciwon daji na jini, kuma da wannan aka fara saninsa. Daga baya aka gano cewa yana sa jiki ya ƙara yin irin sinadarin jan jinin da jariri ke da shi tun yana ciki, wanda yake hana ƙwayoyin jini lanƙwashewa su toshe ƙananan hanyoyin jini, kuma wannan toshewar ce ke jawo tashin ciwon. Gaskiya ne kuma yana iya rage wasu ƙwayoyin jinin da ɓargo ke samarwa, shi ya sa ake yi wa mai shansa gwajin jini a kai a kai ana daidaita adadin. Kin ga ashe kowane ɗaya daga cikin shafukan da suka ruɗa ki ya riƙe wani ɓangare ne na gaskiya ya jefar da sauran.

Mataki na biyu: inda aka tattara bincike duka aka auna

Wannan shi ne matakin da na fi so ki daɗe a kansa, kuma shi ne wanda mutane suka fi rashin sani. Akwai wani nau'in aiki da masana ke yi inda suke ɗaukar tambaya ɗaya, su nemo duk gwaje-gwajen da aka taɓa yi a kanta a duniya bisa ƙa'idojin da suka rubuta tun kafin su fara, su tace masu inganci daga marasa inganci, sannan su haɗa sakamakon su faɗi abin da ya nuna gaba ɗaya. Ƙungiyar da ta fi shahara da wannan aiki ita ce Cochrane, wadda aka kafa a 1993, aka kuma sa mata sunan Archie Cochrane, likitan nan ɗan Birtaniya da ya daɗe yana sukar abokan aikinsa kan ba da magunguna ba tare da tabbatar da suna aiki ba. Abin da ya sa ta dace da ke shi ne, kowane nazari nasu yana zuwa da taƙaitawa ta musamman domin wanda ba masani ba, kuma karanta wannan taƙaitawar kyauta ne. Ki shiga shafinsu ki rubuta sunan maganin da na cutar. Akwai nazari a kan hydroxyurea da sikila, an kuma sabunta shi fiye da sau ɗaya.

Idan kin buɗe taƙaitawar, ki lura da abubuwa biyu da ba kasafai ake samunsu a wani wuri ba. Na farko, za su gaya miki gwaje-gwaje nawa suka samu, mutum nawa ne a ciki, da ranar da suka tsayar da nema. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, za su gaya miki gwargwadon yaƙinin da suke da shi a kan kowane sakamako, a hawa huɗu: mai ƙarfi, matsakaici, mai rauni, da mai rauni ƙwarai. Sau da yawa za ki tarar sun ce hujjar da ake da ita ba ta isa a yanke hukunci ba, kuma na ga iyaye da yawa suna jin haushin wannan amsa, suna ganin kamar an bar su a inda suke. Amma akwai bambanci mai girma tsakanin a ce an gwada magani an ga ba ya aiki, da a ce ba a gwada shi yadda ya kamata ba tukuna. Shafin da ya iya bayyana miki wannan bambanci, ya kuma yarda ya ce ga iyakar abin da aka sani, ya fi cancantar amincewarki fiye da wanda ke da amsa a kan komai.

Akwai wani shafi mai kama da wannan da ba a cika ambatonsa ba, InformedHealth.org, na wata cibiya mai zaman kanta da ke auna ingancin magunguna a Jamus. Abin da nake so game da shi shi ne yadda yake ba da lissafi: yakan ce cikin mutum 100 da suka sha maganin, kaza ne suka samu sauƙi, cikin 100 da ba su sha ba kuma kaza ne. Sai kuma jagororin da hukumomi ke fitarwa domin likitoci, waɗanda su ma a kan irin wannan tattarawar ake gina su. Misali, a 2014 cibiyar Amurka mai kula da cututtukan zuciya da huhu da jini ta ba da shawarar a gabatar wa iyayen yara masu nau'in sikila mafi tsanani, ko da ciwonsu ba ya yawan tashi, zaɓin hydroxyurea tun daga wata tara da haihuwa. Ke nan shawarar da likitan ɗanki ya kawo ba daga kansa ya ƙirƙiro ta ba.

Mataki na uku: idan kin kai ga rahoton da kansa

Wurin nemansa shi ne PubMed, rumbun gwamnatin Amurka da ke ɗauke da bayanan rubuce-rubucen likitanci sama da miliyan 35, kuma shiga kyauta ne. Galibi taƙaitawar rahoton za ki gani, amma akwai da yawa da ake iya karantawa gaba ɗaya ta PubMed Central, sannan akwai wurin tace sakamako a gefe inda za ki zaɓi a nuna miki nazarin tattarawa kawai ko gwaje-gwaje kawai. Ki sani dai, kasancewar rahoto a PubMed ba ya nufin gwamnatin Amurka ta amince da abin da ya ƙunsa. Haka ma ClinicalTrials.gov, wanda aka buɗe a 2000 domin rajistar gwaje-gwaje: sunan gwaji a cikinsa ba shaidar ingancin maganin ba ce, kuma wasu masu sayar da magani sukan yi amfani da lambar rajistar su ruɗi jama'a.

Ba kya bukatar fahimtar lissafin da ke ciki. Tambayoyi kaɗan ne za ki yi wa rahoton, kuma mafi yawan amsoshin suna cikin taƙaitawarsa. Ki fara da tambayar a kan wa aka yi gwajin. Idan a kan ɓeraye ne ko a cikin kwalabar ɗakin gwaji, to labari ne ga masu bincike, ba ga uwar yaro ba tukuna, domin ko a cikin magungunan da suka kai matakin gwaji a jikin mutane, kusan tara cikin goma ba sa kai wa ga samun izinin sayarwa. Idan a kan mutane ne, su wane ne? Babban gwajin da ya fara tabbatar da amfanin hydroxyurea, wanda aka wallafa a 1995, an yi shi ne a kan manya 299 masu yawan tashin ciwo. Bai amsa tambayarki a kan yaro ba, kuma masu binciken sun san da haka, shi ya sa aka yi wani a kan jarirai 193, aka wallafa shi a 2011.

Tambaya ta gaba ita ce da me aka kwatanta, kuma yaya aka raba mutanen. Gwaji mafi ƙarfi shi ne wanda aka raba mutane gida biyu ta hanyar ƙuri'a, aka ba wa gida ɗaya maganin, aka ba wa ɗayan ƙwaya mai kama da shi wadda babu komai a cikinta, ko kuma maganin da aka saba bayarwa. Hikimar ƙuri'ar ita ce gidajen biyu su zama iri ɗaya a komai in ban da maganin, ta yadda duk bambancin da aka gani a ƙarshe za a iya jingina shi ga maganin. Idan kin ga kalmar randomized a taken rahoto, wannan ake nufi. Inda ba a yi haka ba, an bi mutane ne kawai ana kallon abin da ya same su, kuma hakan ya sha yaudarar likitoci. Shekaru da yawa irin wannan binciken yana nuna cewa matan da ke shan magungunan hormon (masu maye gurbin sinadaran jikin mace da ke raguwa) bayan ɗaukewar al'ada sun fi tsira daga ciwon zuciya, sai da aka yi gwajin ƙuri'a a kan mata sama da 16,000 aka ga ba haka ba ne, aka dakatar da shi a 2002. Ashe tun asali matan da ke shan maganin sun fi sauran lafiya da kula da kai.

Daga nan sai ki duba abin da aka auna. A nan gwajin jariran na 2011 yana da darasi. Babban abin da masu binciken suka sa a gaba shi ne su ga ko maganin zai kare saifa da ƙoda, kuma a kan wannan ba su samu bambancin da suka nema ba. Amma sun ga raguwar tashin ciwo, da kumburin hannu da ƙafa, da ciwon ƙirji mai tsanani, da kwanciya a asibiti, da bukatar ƙarin jini. Daga wannan rahoto guda mutum zai iya rubuta cewa gwajin ya gaza, wani kuma ya rubuta cewa ya yi gagarumar nasara, kuma babu wanda ya yi ƙarya tsantsa a cikinsu. Irin wannan ne ke haifar da saɓanin da kika gani. Ke dai ki tambayi kanki ko abin da aka auna abu ne da yaro zai ji a jikinsa, kamar ciwo da kwanan asibiti, ko kuwa lamba ce kawai ta sauya a takardar gwaji.

Sai batun lissafi, inda aka fi yi wa mai karatu wayo. Duk lokacin da aka ce miki magani ya rage haɗari da rabi ko ya ninka shi, ki nemi ainihin adadin. A gwajin 1995, waɗanda suka sha maganin ciwonsu ya tashi kamar sau 2.5 a shekara, waɗanda ba su sha ba kuma kamar sau 4.5, kuma wannan bambanci ne da iyali za su gani a gida. Amma a shekarar nan ta 1995, hukumomin Birtaniya sun sanar cewa wasu sababbin ƙwayoyin tsarin iyali suna ninka haɗarin daskarewar jini, mata da yawa suka daina sha cikin firgici, alhali ninkin yana nufin daga kamar mace 1 cikin 7,000 zuwa 2 cikin 7,000. Magana ɗaya ce, amma yadda aka faɗe ta ne ya bambanta tsoro da natsuwa.

Akwai kuma tambayar ko sakamakon zai yi aiki a yanayin da ya bambanta da inda aka yi gwajin. An daɗe ana fargabar ko hydroxyurea zai ƙara wa yara haɗari a wuraren da zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa, tun da galibin gwaje-gwajen farko a Amurka aka yi su. Wani gwajin ƙuri'a da aka yi a Yuganda, aka wallafa a 2017, bai ga ƙaruwar zazzaɓin ba. Wani kuma da ya haɗa yara kimanin 600 a Angola da Kwango da Kenya da Yuganda ya ga raguwar tashin ciwo da ƙarin jini da mutuwa, sai dai shi ba shi da gida na biyu, ya kwatanta yaran ne da halin da suke ciki kafin a fara ba su maganin. Idan kika iya lura da irin wannan bambanci tsakanin gwaje-gwaje biyu, to kin riga kin wuce masu rubuta labarai da yawa.

Labarai, rahotannin da aka janye, da waɗanda ba a tace ba

Labarin jarida yana da amfani wajen sanar da ke cewa an yi wani bincike, amma ba wurin tsayawa ba ne. Wani nazari da mujallar BMJ ta wallafa a 2014 ya duba sanarwar manema labarai 462 daga jami'o'in Birtaniya, ya tarar kusan ɗaya cikin uku sun bayyana alaƙa tsakanin abubuwa biyu kamar ɗaya ne ya haddasa ɗayan, alhali binciken bai nuna haka ba. Ke nan sau da yawa ƙarin gishirin yana farawa ne tun kafin ɗan jarida ya sa hannu. Ki nemi sunan mujallar da shekarar a cikin labarin, idan babu su, ki wuce.

Ki kuma sani ana janye rahotanni. A 1998 mujallar Lancet ta wallafa wani rahoto a kan yara 12 kacal da ya jefa shakku a kan allurar rigakafin ƙyanda, kuma sai a 2010 aka janye shi, aka kuma soke lasisin jagoran binciken, amma har yau ana yaɗa shi kamar babu abin da ya faru. PubMed yana sa alama a kan rahoton da aka janye, shafin Retraction Watch kuma yana bibiyar irin waɗannan. Akwai kuma rahotannin da masu bincike ke sakawa a wurare irin su medRxiv kafin wasu masana su tace su, kuma shafin da kansa yana gargaɗin kada a yi aiki da su wajen jinya. Ban da waɗannan akwai mujallun bogi da ke wallafa duk abin da aka biya su, don haka jin cewa "an wallafa a mujalla" bai isa hujja ba.

Matsalar harshe

Dole in faɗi gaskiya cewa kusan duk wuraren da na ambata da Turanci suke, kuma wannan babban giɓi ne ga mai jin Hausa kaɗai. Manhajojin fassara suna taimakawa wajen gane inda magana ta dosa, amma sukan yi tuntuɓe a wurare mafi haɗari, wato adadin magani, da kalmomin korewa, da sunayen cututtuka masu kama da juna, don haka kada a taɓa ɗaukar adadin da za a sha daga fassarar na'ura. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna da kyau idan kika kwafo musu sakin layi daga sahihin shafi kika ce su sauƙaƙa miki shi. Idan kuwa kika ce su kawo miki hujja da kansu, suna iya ƙirƙiro sunan rahoto da na marubuta da babu su a duniya, cikin harshe mai cike da yaƙini. Duk rahoton da suka ambata, ki nemi takensa a PubMed ki gani da idonki. Ga mai son koyon wannan fanni da kyau, akwai littafin Testing Treatments, wanda aka rubuta domin jama'a, ana kuma sauke shi kyauta a intanet a harsuna da dama.

Abin da shafi ba zai iya yi miki ba

Ban ga ɗanki ba, ban san nau'in sikilarsa ba, ban san sau nawa ciwonsa ke tashi ba, ban kuma ga gwajin jininsa ba, saboda haka ba zan ce miki a fara ko kada a fara ba, kuma babu shafin da ya isa ya faɗa miki hakan. Bincike yana magana ne a kan abin da ya faru da taron mutane, likitan da ke duba yaron ne zai auna yadda hakan ya shafe shi. Ƙungiyoyin iyaye masu irin wannan jinya a Facebook da WhatsApp suna da amfani wajen samun ƙarfin gwiwa da dabarun yau da kullum, amma labarin wanda maganin ya karɓa ko wanda bai karɓa ba labarin mutum ɗaya ne, kuma waɗanda suka fi shan wahala su ne suka fi yin rubutu.

A wurin aikina, uwar da ta zo da takarda ɗaya da ta ɗauko daga sahihin shafi, ta ja layi a ƙarƙashin jimlolin da ba ta gane ba, takan fita da amsa fiye da wadda ta zo da hotunan saƙonni barkatai a waya. Ki karanta shafin MedlinePlus na maganin da taƙaitawar Cochrane, ki rubuta tambayoyinki kafin ranar ganin likita. Ki tambaye shi abin da ya gani a jikin ɗanki da ya sa ya kawo shawarar yanzu, da abin da ake sa ran zai sauya da kuma bayan wata nawa, da sau nawa za a riƙa gwada jini, da alamomin da idan kin gan su za ki kawo shi asibiti ba tare da jiran ranar da aka ba ku ba, da kuma abin da zai iya faruwa idan aka zaɓi a dakata. Idan ya ambaci wani bincike, ki roƙe shi ya rubuta miki sunansa da shekararsa a bayan takardar magani, ki je ki nema.